Yadda ake hana baƙin mai taruwa a hanyar iskar injin mota

Duk bakaniken da ya daɗe yana kwance injuna ya saba da wannan gani: a cire babban tiyon da ke kai iska daga gidan filta zuwa totur, wato ƙofar da ke daidaita iskar da ke shiga inji, sai a tarar da cikinsa ya yi danƙo, baƙin mai ya kwanta a ƙasansa, wani lokaci har yana ɗiga. Abin da aka fi yi a gareji da yawa shi ne a wanke tiyon da fetur, a goge totur, a mayar, mai mota ya biya ya tafi, bayan wata biyu kuma man ya dawo inda yake. Dalili shi ne wankin bai taɓa asalin matsalar ba. Man da ake gani a hanyar iska alama ce ta wani abu da ke faruwa a cikin injin, kuma aikin da ya dace shi ne a bi sawunsa zuwa inda ya fito, ana farawa daga abin da ya fi arha da sauƙin dubawa, kafin a kai ga abin da zai sa a sauke inji.

Inda man yake fitowa

Lokacin da fetur ko dizal ya ƙone a saman fistan, ba dukkan iskar ƙonewar ce take fita ta salansa ba. Wani ɗan kaso yana tsallake ring, wato zobban da ke zagaye da fistan, ya gangara ƙasan injin, inda kurankishaf ke juyawa a saman baƙin mai. Ko sabon inji yana yin haka, sai dai kaɗan. Idan aka bar wannan iska ta taru a ƙasa, matsinta zai tura mai ta kowane sil da gasket, shi ya sa dole a samar mata hanyar fita. Motocin da can suna da bututu ne da ke zubar da ita waje a ƙarƙashin mota, har sai da jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta wa sababbin motoci, daga samfurin 1961, su riƙa mayar da ita cikin injin ta sake ƙonewa, saboda hayaƙin da ya addabi birnin Los Anjelis. Daga nan tsarin ya bazu ko'ina, kuma shi ne ake kira PCV.

To, wannan iska ba ta tasowa ita kaɗai. Tana ɗauko tururin mai da ƙananan ɗigonsa, da tururin ruwa, da ɗan fetur da bai ƙone ba. Masu ƙera inji suna sa wasu faranti a cikin murfin saman injin don su tare man su mayar da shi ƙasa, sannan bawul ɗin PCV ya daidaita yawan wannan iskar da ke shiga manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindodi. Saboda haka ɗan laushin mai da yatsa zai shafo a cikin tiyo ba abin tayar da hankali ba ne, musamman a mota mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Abin damuwa shi ne man da ya taru har ya yi tafki, ko ya jiƙa filtar iska, ko ya sa ana ƙara mai tsakanin juye da juye.

Illar taruwar tana zuwa a hankali. Man yana kama ƙura ya toshe gefen faifan totur, sai silo, wato juyin inji idan mota tana tsaye, ya riƙa hawa da sauka. Idan ya shafi na'urar auna iska ta MAF, kwamfutar mota za ta riƙa samun lissafin ƙarya, shan fetur ya ƙaru. Idan ya shiga silinda da yawa, yana ɓata fulogi, yana rage ingancin ƙonewar fetur har injin ya riƙa ƙwanƙwasa, kuma tokarsa tana toshe abin tace hayaƙi da ke cikin salansa. A injin dizal mai bawul ɗin EGR, hayaƙin da ake mayarwa cikin manifol yana gauraya da man ya zama wani baƙin kwaɓi mai kauri kamar kwalta, wanda ke rage faɗin hanyar iska har mota ta rasa ƙarfi a hawan tudu.

Mataki na farko: a duba yawan mai

Wannan shi ne abu mafi sauƙi, kuma a ganina shi aka fi rainawa. A ajiye mota a wuri mai daidaito, a kashe ta, a jira minti biyar zuwa goma man ya gangara, a zaro sandar awo a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Ya kamata man ya tsaya tsakanin alamomi biyu da ke jikin sandar. Idan ya haura ta sama, kurankishaf zai riƙa dukansa yana mayar da shi kumfa da feshi, kuma farantan da ke murfin sama ba za su iya tare duk wannan feshin ba, sai ya bi iska ya wuce manifol.

Cikawa fiye da ƙima tana yawan faruwa ne saboda al'adar juye galan gaba ɗaya. Injin Corolla mai lita 1.8, gwargwadon shekarar ƙirarsa, yana ɗaukar tsakanin lita 3.7 da 4.2 tare da sabuwar filta, don haka wanda ya sayo galan mai lita 5 ya ce a zuba duka don kada a yi asara, ya riga ya jawo wa kansa matsalar da muke magana a kai. A nemi adadin da littafin motar ya rubuta, a zuba ƙasa da shi kaɗan, a tayar da injin na minti ɗaya, a kashe, a auna, sannan a cike abin da ya rage. Idan kuma an ga man yana ƙaruwa da kansa yana warin fetur ko dizal, to akwai nozul da ke yoyo, kuma wannan sai an gyara shi kafin a ci gaba.

Mataki na biyu: filtar iska

Filtar da ta toshe tana sa injin ya riƙa zuƙa da ƙarfi a cikin tiyon da ke bayanta, kuma wannan zuƙar tana janyo mai ta ƙaramin tiyon numfashi da ke fitowa daga murfin sama, a mota mai turbo kuma tana janyo shi ta sil ɗin turbon. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke rufe sararin Kano da Maiduguri da Damagaram, filta tana cika tun kafin ta kai kilomitar da littafi ya tsara mata, don haka a riƙa buɗe ta ana dubawa duk wata. Hura filtar takarda da iska mai ƙarfi a wurin masu faci yana iya yaga ta yadda ido ba zai gani ba, ƙurar da ta wuce ta wannan yagar kuwa ita ce ke cinye ring da bangon silinda, wanda shi ne tushen matsalar mafi tsada. Sauya filta ya fi sauya ring arha nesa ba kusa ba. Akwai kuma filtar auduga da ake wankewa a shafa mata mai. Idan aka cika mata man, shi ma yana bin iska ya liƙe a na'urar MAF.

Mataki na uku: bawul ɗin PCV da tiyoyinsa

A nan ne ya kamata a ɗauki lokaci, domin mafi yawan matsalar a motocin da injinsu ke da sauran lafiya daga nan take. Bawul ɗin yana lalacewa ta fuska biyu, kuma kowace fuska tana kai mai wuri daban, abin da ke taimaka wa mai bincike sosai.

Idan ya maƙale a rufe, ko tiyonsa ya toshe da danƙo, iskar ƙasan injin ba ta da hanyar shiga manifol, sai ta juya ta fita ta tiyon da ya kamata ya riƙa shigar da iska mai tsafta. A wannan hali ana samun man a babban tiyo kafin totur, har a gidan filta, kuma sau da yawa gasket ɗin murfin sama da sil ɗin kurankishaf suna fara tsatsa a lokaci guda. Idan kuma ya maƙale a buɗe, manifol zai riƙa zuƙar iska da mai ba iyaka, sai a samu man bayan totur, silo ya yi sama ko ya riƙa rawa, kwamfutar bincike kuma ta nuna lambobi irin su P0171 ko P0507.

A motoci irin su Corolla da Camry da Accord, bawul ɗin ɗan ƙaramin abu ne da ke ɗaure ko cuse a murfin sama ko a gefen injin. A cire shi a girgiza. Idan ba a ji ƙarar abin da ke cikinsa yana motsi ba, ya maƙale. Sai dai jin ƙarar ba ya tabbatar da lafiyarsa, domin sifirin da ke ciki yana iya yin sanyi, shi ya sa idan ya daɗe, sauya shi ya fi wanke shi. A nemi wanda lambarsa ta dace da injin, domin kowane inji yana da adadin iskar da aka auna masa, kuma bawul ɗin da ya shiga ramin ba lallai ne ya zama nasa ba. A motocin Jamus da yawa, irin injin 2.0 TFSI na Volkswagen da Audi, babu wannan ƙaramin bawul; akwai wani faifan roba ne a cikin akwatin da ke saman injin, kuma idan robar ta yage sai a ji injin yana fito, murfin zuba mai kuma ya yi wuyar buɗewa idan injin yana aiki.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi. A bar injin ya yi zafi yana silo, a buɗe murfin zuba mai, a ɗora takarda mai ɗan kauri a bakin. Idan ta ɗan liƙe, tsarin yana zuƙa yadda ya kamata. Idan aka zuƙe ta da ƙarfi sosai, bawul ko robar sun buɗe. Idan kuwa iska tana ture ta, hayaƙi yana fitowa bugu-bugu, to ko dai hanyar ta toshe, ko ring ya gaji. Wannan gwajin ya fi dacewa da injin fetur, domin dizal ba shi da irin wannan zuƙar a manifol, kuma ɗan busowa a bakin murfinsa abu ne da aka saba.

Bayan bawul, a bi tiyoyin ɗaya bayan ɗaya ana matsawa da hannu. Wanda ya yi tauri yana tsagewa, wanda ya yi laushi kuma yana lotsewa idan injin ya zuƙa, ya rufe hanya alhali daga waje yana kama da lafiyayye. Idan an cire murfin sama, a jiƙa shi a wanke farantan da ke ciki har sai ramukan da mai ke komawa ƙasa sun buɗe. Ina jan hankali sosai a kan wata dabara da ake yi, wato toshe tiyon numfashi da ƙusa ko a naɗe shi da waya don man ya daina shiga gidan filta. Man zai daina fitowa ta nan, amma matsin zai nemi wata ƙofa, kuma yawanci sil ɗin baya na kurankishaf yake fasawa, wanda sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi. Sakin tiyon yana lilo a waje shi ma ba gyara ba ne, domin ƙura za ta shiga ta nan, kuma a motar da ke da MAF lissafin iska zai rikice.

Mataki na huɗu: turbo, ga motar da ke da shi

Sil ɗin turbo ba roba ba ne kamar sauran. Ƙananan zobba ne na ƙarfe da ke dogara da daidaiton matsi a ɓangarorin biyu, kuma man da ya shafa sandarsa yana komawa ƙasan injin ne da nauyinsa kawai ta wani bututu. Idan wannan bututun ya toshe da ƙonannen mai, ko ya lanƙwashe, ko matsin ƙasan injin ya yi yawa, man ba zai samu hanyar sauka ba, sai ya tsallaka zuwa ɓangaren iska. Shi ya sa an sha sauya turbo mai lafiya da sabo, sabon ma ya ci gaba da zubar da mai, alhali laifin na PCV ne ko na bututun komawa. A duba waɗannan biyu tukuna. Bayan haka, injin yana kashe kuma ya huce, a cire tiyon gaban turbo a taɓa sandar da yatsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin fukafukin ba sa gogar jikin gidan, amma motsi gaba da baya da ake ji sosai alama ce ta lalacewa.

Man da ya fita daga turbo yana taruwa a ƙasan na'urar sanyaya iska da ke gaban lagireto. A cire tiyonta na ƙasa a ga abin da zai zubo. Duk wanda ya sauya turbo a injin dizal dole ne ya kwance wannan na'ura ya wanke ta ta bushe, domin injin dizal yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona dizal, kuma idan ya zuƙi tarin man nan sai ya ɗauki gudu da kansa, kashe makulli ba zai tsayar da shi ba, har sai ya fashe ko man ya ƙare. Idan hakan ta faru, a mota mai giyar hannu ana taka birki a sa babbar giya a saki kuloci injin ya mutu, ko a toshe bakin iska da katako mai faɗi, ba da hannu ko tsumma ba. Don kiyaye turbo tun farko, bayan doguwar tafiya a bar injin ya yi silo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, kada man da ke cikin bututun ya dahu.

Mataki na biyar: lafiyar ring

Idan duk abubuwan da suka gabata sun fita lafiya kuma man bai daina zuwa ba, sai a auna matsin silinda. A cire fulogi duka, a auna kowace silinda da geji, totur a buɗe. Bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni yana nuna matsala. A zuba kamar cokali ɗaya na mai a silindar da ta yi rauni a sake aunawa. Idan adadin ya tashi sosai, ring ne, idan bai tashi ba, a duba bawul ɗin silindar ko gasket ɗin kan inji. Wannan zuba man a injin fetur kawai ake yi. Ya kamata a sani cewa zoben da ke share mai yana iya maƙalewa alhali matsin yana da kyau, kamar yadda aka sani a injin 2AZ-FE na Camry samfurin 2007 zuwa 2009, wanda kamfanin Toyota da kansa ya fitar da sanarwar gyara a kan shan baƙin mansa. Zuba mai mai kauri irin 20W-50 a injin da aka ƙera don 5W-30 yana iya rage hayaƙi na ɗan lokaci, amma ba ya gyara ring, kuma yana wahalar da ƙananan hanyoyin mai na injunan zamani.

Wanke abin da ya riga ya taru

Sai an gama gyara tushen ne wanki yake da amfani. A cire kan batir. Na'urar MAF tana da maganin feshi nata na musamman. Kada a sa mata fetur ko maganin kafireta, kada a taɓa siririyar wayar da ke ciki, kuma a bari ta bushe kafin a mayar. A goge totur da tsumma mai laushi da maganinsa, idan kuma na lantarki ne kada a tura faifan da ƙarfi, a kuma sani cewa wasu motocin sai an sake koya wa kwamfutarsu silo bayan wankin. Idan danƙon ya kai manifol, a kwance shi a wanke a waje, a toshe ramukan injin da tsumma mai tsafta don kada wani abu ya faɗa, a mayar da sabon gasket.

Injunan fetur da nozul ɗinsu ke fesawa kai tsaye cikin silinda, masu alamar GDI ko FSI ko TSI, suna da wata matsala ta daban. A tsofaffin injuna fetur yana bi ta bayan bawul ɗin shigar iska yana wanke shi kullum, amma a waɗannan ba ya bi ta nan, sai man ya ƙone a bayan bawul ya zama gawayi mai tauri. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya kaiwa wurin. Ana cire shi ne ta hanyar fesa niƙaƙƙen ɓawon gyaɗar Turawa, wato walnut, da iska, ko a kankare da hannu cikin haƙuri, kuma dole bawul ɗin silindar da ake aiki a kai ya kasance a rufe. Tsarin D-4S na Toyota yana da nozul iri biyu, na ciki da na manifol, wanda ke rage wannan taruwa.

Gwangwanin tare mai

Wannan ƙaramin gwangwani ne da ake sawa tsakanin bawul ɗin PCV da manifol, iska ta wuce, mai ya zauna a ƙasa. Yana da amfani na gaske a injin GDI da dizal mai EGR, amma ƙari ne a kan tsari mai lafiya, ba madadin gyaran ring ko turbo ba. A zaɓi mai faranti ko raga a ciki, domin wanda cikinsa fayau ne kusan ba ya tare komai. A yi amfani da tiyo mai jure mai da zafi, wanda faɗinsa bai gaza na asali ba, a ɗaure gwangwanin a tsaye nesa da salansa, a kula da alamar shiga da ta fita. A buɗe shi bayan kilomita 1,000 na farko don a san saurin cikarsa, daga nan a tsara lokacin juyewa, domin idan ya cika injin zai zuƙe abin da ke ciki gaba ɗaya. Abin da aka juye gauraye ne da ruwa da fetur, ba a mayar da shi cikin inji. Mai sabuwar mota ya tambaya tukuna ko sa shi zai shafi garantinsa.

Irin man da ake zubawa da lokacin juye

Mai maras inganci yana saurin zama tururi idan ya yi zafi, kuma tururin nan ne ke bin PCV. Akwai gwajin da ake kira Noack, inda ake dafa mai a zafin digiri 250 na tsawon awa ɗaya a ga nawa ya ƙafe. Ma'aunin ingancin mai na API SN, da ake rubutawa a jikin galan, bai yarda abin da ya ƙafe ya wuce kashi 15 cikin ɗari ba. A sayi man da kaurinsa ya dace da littafin mota, mai alamar API SN ko SP ga injin fetur, a rufe daga amintaccen dila, a guji na awo da ba a san asalinsa ba. Tuƙi cikin ƙura da zafi da cunkoso yana cikin abin da littattafan mota ke kira yanayi mai tsanani, kuma da yawansu suna rage tazarar juye zuwa kusan rabi a irin wannan yanayi. Motar da ba ta wuce kai yara makaranta da zuwa kasuwa tana buƙatar a riƙa ba ta tafiyar rabin awa a buɗaɗɗiyar hanya lokaci zuwa lokaci, don man ya yi zafi sosai ruwan da ke cikinsa ya ƙafe, kada ya zama danƙon da ke toshe bawul. Bayan an gama gyara da wanki, a rubuta kilomitar da mota take, a auna mai duk mako, sannan bayan kilomita 500 zuwa 1,000 a sake cire babban tiyo a shafa cikinsa da farar takarda. Idan man ya sake taruwa, a lura ko kafin totur yake ko bayansa, a koma matakin da wurin ya nuna.